FASHIN BAƘI: Abin da kwalbar man shanu ke faɗa game da arzikin dabbobin Zariya

A kasuwar Samaru da babbar kasuwar Sabon Gari, man shanu ya shiga sahun kayan da mai cefane ke ɗagawa ya shinshina, ya taya, sannan ya ajiye ya wuce. Gidajen da a da ba a cin tuwon dare sai an malala shi a kan miyar kuka, yau sun mayar da shi abin tarbar baƙo, ko na mai jego, ko na watan azumi. Wanda ya daure ya saya kuma yakan tafi gida da tambaya a ransa: zalla ne, ko haɗi aka yi masa?

A daidai wannan lokaci ne bidiyoyin Indiya suka cika wayoyin matasa suna koɗa wani mai da suke kira “gi”, wai yana gyara ciki, yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, yana hana tsufa. Wannan mai kuwa shi ne soyayyen man shanun da kakanninmu suka sani. Bambancin da ke akwai shi ne Indiya ta gina wa nata masana'anta da doka da kasuwa, mu kuwa mun bar namu a kan Bafillatanar da ke tafe da ƙwarya daga ruga. Wannan bayani zai duba yadda ake samar da man, dalilin tsadarsa, gaskiyar abin da yake yi wa jiki, da kuma darasin da ya dace a ɗauka daga Indiya.

Yadda madara ke zama man shanu

Aikin yana farawa ne daga tatsar safe. Ana barin madarar ta kwana ta yi tsami ta zama kindirmo. Daga nan sai a zuba ta a gora a yi ta kaɗawa har maiƙon ya rabu ya taru wuri guda. A kwashe shi, a wanke da ruwan sanyi, a cura shi dunƙule-dunƙule. Shi ne ɗanyen man shanun da ake gani yana yawo a saman ƙwaryar nono. Ruwan nonon da ya rage shi ne tsala, wanda ake dama fura da shi.

Ɗanyen man shanu yana ɗauke da ruwa da ɓurɓushin nono, shi ya sa ba ya jimawa a zafin ƙasarmu sai ya canza wari. Maganin wannan shi ne suya. Idan aka ɗora shi a wuta, ruwan zai ƙone, ɓurɓushin nonon ya kwanta a ƙasan tukunya ya yi ja, man ya fito garau da ƙamshinsa. Matan Hausawa kan jefa albasa a ciki, wasu su ƙara citta ko kanumfari. Ɗanyen yana da maiƙo kimanin kashi 80 cikin 100, soyayyen kuwa ya kai kashi 99. Rashin ruwa a cikinsa ne ke sa ya yi watanni ba tare da firji ba, kuma yana jure zafin wuta har wajen maki 250 a ma'aunin Salshiyos kafin ya fara hayaƙi.

Wannan dabara ta makiyayan ƙasashen zafi ce baki ɗaya. Larabawa na kiransa samnu, mutanen Habasha na soya nasu da kayan ƙamshi, Indiyawa na ce masa gi. Kowace al'umma ta gano cewa suya ce hanyar adana arzikin damina domin a ci da rani.

Lissafin da ke bayan tsadar

Madarar saniya na ɗauke da maiƙo kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Ma'ana, kafin a samu kilo ɗaya na soyayyen man shanu sai an tara aƙalla lita 20 ta madara, kuma tun da kaɗawar hannu ba ta kwashe maiƙon duka, adadin yakan haura haka. Saniyar Bunaji, wato farar saniyar da ta fi yawa a ƙasar Zazzau, da wuya a tatsi fiye da lita ɗaya zuwa biyu daga gare ta a rana bayan an bar wa maraƙi rabonsa. Kilo ɗaya ke nan na iya zama tatsar saniya guda ta mako biyu zuwa uku. Wannan lissafin damina ne. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙone kuma aka kora garke kudu neman ruwa, nonon kan ja baya sosai, farashin mai ya tashi.

A kan wannan tsohuwar matsala ce rashin tsaro ya sauka. Satar shanu a dazukan Birnin Gwari da Kamuku, da hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomi irin su Giwa da ke maƙwabtaka da Sabon Gari, sun tarwatsa rugage da dama. Wasu makiyayan sun rasa garkensu, wasu sun yi ƙaura da abin da ya rage. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a ƙananan hukumomi biyar, ciki har da Giwa da Igabi da Birnin Gwari, ta kuma hana safarar dabbobi, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kayan masarufi. Ko me mutum zai ce game da matakin, ya nuna yadda rikicin daji ke isa tukunyar miya cikin ɗan lokaci. Ga kuma gari da ke ta faɗaɗa: filayen da shanu ke kiwo a kewayen Samaru da Basawa da Bomo suna komawa gidaje da gonaki, burtalai na toshewa.

Akwai wani sauyin da ya shigo a hankali. Yawancin shagunan fura da yogot na zamani da garin madara suke haɗa nononsu, har ma wasu masu tallar nono sun koma gare shi idan rani ya tsananta. Garin madara mafi araha da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma kuwa an riga an cire masa man shanunsa tun a Turai, an sayar da man da daraja a can, an cike gurbinsa da man kwakwar manja. Ana iya kwaikwayon nono da irin wannan gari, amma ko za a kwana ana kaɗa shi ba zai ba da man shanu ba. Shi ya sa kwalbar man shanu ta zama ma'auni mai gaskiya: idan ta yi tsada ko ta yi wuyar samu, alama ce cewa shanun tatsa sun ragu ko sun yi nisa.

Haɗi da algus

Duk abin da ya yi tsada kuma ba mai sa ido a kansa, algus zai same shi. Hanyoyin sanannu ne a duk ƙasar da ake cin man shanu: a narka bota ta gwangwani ko man girki a gauraya, ko a zuba wani abu mai sitaci domin ya ƙara kauri da nauyi. A kasuwanninmu ana sayar da man ne a tsofaffin robobin ruwa da kwalabe, babu suna, babu kwanan wata, babu lambar hukuma. Hukumar NAFDAC na yi wa kayan da aka sarrafa aka rufe a mazubi rajista, amma kwalbar da ta fito daga ruga ta bi ta hannun 'yan sari biyu ko uku ba ta ratsa teburin kowa ba.

Mai saye na da 'yan dabaru. Man shanu na gaskiya yana narkewa nan da nan a tafin hannu, yana daskarewa da tsaki-tsaki lokacin hunturu, ƙamshinsa kuma ba ya ɓuya idan ya ji wuta. Ɗigon aidin a kan ɗan narkakken mai zai koma shuɗi mai duhu idan akwai sitaci. Sai dai gano man girki da aka gauraya da gwaninta aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, hanci da ido ba sa isa.

Illar ta wuce cutar aljihu. Wasu nau'o'in bota da man girki masu daskarewa na ɗauke da wani maiƙo da masana'antu ke sarrafawa, wanda likitoci suka tabbatar yana toshe hanyoyin jini fiye da kowane irin maiƙo. Dokar mai da maiƙo ta NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Wanda ya sayi haɗi da sunan zalla bai san ko abin da ya ci ya cika wannan ƙa'ida ba. Wadda ta fi kowa asara kuwa ita ce mai sayar da na gaskiya, domin dole ta yi gogayya da farashin mai algus. Araha ba ta ado, amma a lokacin matsi ita ke jan mai saye.

Abinci ne ko magani?

A Indiya, man shanu na da matsayi a addini da al'ada. Ana kunna fitilun wuraren bauta da shi, ana zuba shi a wutar bukukuwa, ana shafa shi a gurasa, ana kwarara shi a kan shinkafa da miyar wake. Tsarin maganin gargajiyarsu mai suna Ayurbeda, wanda tsofaffin littattafansa irin su Charaka Samhita suka haura shekara 1,500, ya ɗauke shi a matsayin abin da ke kai ƙarfin ganye cikin jiki. Suna dafa magunguna a cikinsa, suna shan sa kafin wankin ciki, suna ɗiga shi a hanci, suna shafa shi a fata. A 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum domin kula da magungunan gargajiya, kuma tallar da ake gani a intanet wani reshe ne na wannan kasuwa mai faɗi.

Mu ma muna da namu. Ana haɗa man shanu da zuma domin tari, ana shafa shi a kai kafin kitso, ana shafe jariri da shi, ana zuba wa mai jego a abinci domin ta murmure. Tambayar ita ce wanne ne ilimin likitanci ya gaskata.

Abin da ya tabbata shi ne man shanu abinci ne mai ƙarfi. Cokali ɗaya na cin abinci na ba da kimanin kalori 120, yana ɗauke da bitamin A da E, kuma maiƙo na taimaka wa jiki ya amfana da bitamin ɗin da ke cikin ganyaye irin su kuka da zogale. Ga yaro mai rama ko mai jegon da ba ta samun wadataccen abinci, ɗan man shanu a tuwo alheri ne. Suya tana kawar da kusan dukkan sukarin madara, don haka yawancin waɗanda madara ke ɓata wa ciki suna cin sa lafiya. Yana kuma laushe busasshiyar fata lokacin hunturu.

Abin da ya tabbata ta ɗaya ɓangaren shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na maiƙonsa nau'in nan ne mai daskarewa, wanda yawan cin sa ke ƙara mugun kitse a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan maiƙo ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Ga baligi mai cin kalori 2,000, wannan bai fi giram 22 ba, kuma cokali biyu da rabi na man shanu ya cinye adadin, tun kafin a lissafa manja da kitsen nama. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin manya uku ke fama da hawan jini, shan cokali-cokali na mai da sassafe saboda wani bidiyo ya ce yana wanke ciki ganganci ne. Babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya nuna man shanu na warkar da ciwon suga ko ƙara basira.

Akwai al'adu uku da ya kamata a bari. Na farko, shafa man shanu a cibiyar jariri: wani bincike da aka yi a Pakistan, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 1989, ya danganta wannan al'ada da cutar sandarewar jarirai, kuma asibitocin Najeriya na ba da man kulohezidin domin cibiya. Na biyu, ɗura wa jariri mai ko ɗiga masa a hanci: likitocin yara a Saudiyya da Indiya sun rubuta rahotanni kan yaran da man ya gangara musu cikin huhu ya haddasa ciwo mai wuyar magani. Na uku, shafa shi a ƙuna: mai yana riƙe zafi a fata, abin da ake so shi ne a kwarara ruwan sanyi mai tsabta na kimanin minti 20. Haka kuma ɗanyen man da aka samo daga madarar da ba a tafasa ba na iya ɗaukar ƙwayoyin cutar bakkale da tarin shanu, don haka soya shi kafin ci ya fi aminci.

Abin da Indiya ta yi

Darasin Indiya mafi amfani ga Zariya yana wajen tsarin kasuwa. A 1946 ƙananan masu shanu a garin Anand na jihar Gujarat suka gaji da 'yan tsakiya da ke karya musu farashi, suka kafa ƙungiyar gama-kai wadda daga baya ta zama Amul. Wani injiniya mai suna Verghese Kurien ya haɗu da su a 1949. A 1965 aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa, a 1970 aka ƙaddamar da gagarumin shirin da ya yaɗa tsarin Anand a faɗin ƙasar. An ɗauki nauyin farkon shirin ne da kuɗin garin madara da man shanun da Turai ta bayar gudummawa: aka sayar da su a birane, aka gina wuraren tara madara a ƙauyuka da kuɗin. Zuwa 1998 Indiya ta zarce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, kuma a yau tana samar da sama da tan miliyan 230 a shekara, kusan rubu'in na duniya.

Sirrin tsarin mai sauƙi ne. Mace mai saniya biyu ko ɓauna ɗaya za ta kai madararta cibiyar ƙauye safe da yamma. A auna yawan maiƙon a gabanta, a biya ta gwargwadonsa. Wadda ta zuba ruwa ta rage wa kanta kuɗi. Ƙungiyar ta masu shanun ce, ita ke da masana'antar, ita ke kawo likitan dabbobi da abincin shanu. Amul kaɗai na da mambobi sama da miliyan uku da rabi.

Wannan bai kawar da algus daga Indiya ba. Tun 1937 da man girki mai daskarewa na Dalda ya shiga kasuwarsu ake gauraya shi da man shanu. A watan Satumban 2024 babban ministan jihar Andhra Pradesh, Chandrababu Naidu, ya yi zargin cewa an yi amfani da gurɓataccen mai wajen yin alawar da ake raba wa masu ziyara a wurin bauta na Tirupati, rigimar da ta kai gaban Kotun Ƙoli har ta ba da umarnin bincike na musamman. Abin lura shi ne a can akwai ma'aunin da doka ta gindaya, akwai ɗakin gwaji, akwai wanda za a tuhuma.

Ilimi a Shika, ƙwarya a kan hanya

Zariya ba ta rasa masana ba. Tun 1922 aka fara binciken noma a Samaru, wurin da ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. A Shika, tafiya kaɗan daga Samaru a kan hanyar Funtuwa, an buɗe gonar dabbobi a 1928, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, a 1976. An shafe shekaru da dama a can ana barbarar Bunaji da shanun Turai masu yawan nono, ana gwada ciyawar da za a shuka a adana domin rani. Duk da haka, mai tallar nonon da ke ratsa ƙofar waɗannan cibiyoyi kowace safiya tana aiki ne da kayan da kakarta ta yi aiki da su.

Manufofin gwamnati sun fi karkata ga manyan kamfanoni. Jami'ai kan ce Najeriya na kashe kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a shekara wajen shigo da madara. A Fabrairun 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida, bisa sharaɗin su zuba jari a kiwon cikin gida, sannan ya janye takunkumin a Maris na 2024. A 2023 kamfanin Arla na ƙasar Denmak ya buɗe gonar madara a Damau da ke ƙaramar hukumar Kubau, kusa da wurin da gwamnatin Kaduna ta tsara zaunar da iyalan makiyaya 1,000. A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi.

Duk waɗannan matakai ne na gaske, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: kuɗin zai shiga hannun wa? A al'adar Fulani, ko da garken na maigida ne, madarar da ta shiga ƙwarya ta mace ce. Da kuɗin nono da man shanu take sayen gishiri da sabulu da magani da kayan ɗakin 'yarta. Wata mai bincike, Ann Waters-Bayer, ta yi nazarin wannan a tsakanin Fulanin kudancin Kaduna, ta wallafa shi a 1988, inda ta nuna cewa sarrafa madara da sayar da ita harkar mata ce, kuma shirin da bai yi la'akari da haka ba zai yi wuya ya karɓu. Tsarin da zai sayi ɗanyar madara daga hannun mai garke ya tsallake matarsa na iya ƙara yawan litar da ake ƙirgawa a Abuja, ya kuma talauta gidan da ke ruga.

Abin da za a iya yi

Ba sai an jira masana'antar biliyoyi ba. Ƙungiyoyin mata masu nono a kewayen Shika da Bomo da Basawa, da ƙaramin injin raba maiƙo da ake juyawa da hannu, da tukwanen suya masu tsabta, da kwalba mai ɗauke da sunan ƙungiya da ranar da aka soya, sun isa su sauya kasuwar. Soyayyen mai ba ya buƙatar firji, don haka matsalar wutar lantarki da ke kashe harkar ɗanyar madara ba ta shafe shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da ɗakunan gwajin da za su iya ɗaukar samfur daga kasuwannin Samaru da Sabon Gari lokaci-lokaci su bayyana wa jama'a sakamakon. NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON na iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi da rajista mai rahusa ga ƙananan masu sarrafawa. Ƙaramar hukumar Sabon Gari kuma na da hurumin ware rumfa mai inuwa da ruwa ga masu nono.

Ga matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi, akwai tambayoyin da suka cancanci a yi wa ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma da sabuwar ma'aikatar: nawa aka ware wa ƙananan masu tatsa, mata nawa ne a jerin masu cin gajiyar shirin Damau, kuma burtalai nawa aka buɗe a ƙasar Zazzau cikin shekaru biyar da suka wuce? Hausawa na cewa nagge daɗi goma. Ɗaya daga cikin goman na neman ficewa daga tukunyar talaka, kuma amsar waɗannan tambayoyi ce za ta nuna ko zai dawo.